Hawan Get a Shango: Lissafin da Ya Kamata a Yi Tun Ana Haƙa Fandisho

Duk wanda ya bi layukan Shango a ƙafa yana duban ƙasa a bakin gidajen da ke da get ɗin mota, zai ga wata alama tana ta maimaituwa. Karce ne fari-fari a jikin kankare, wani a gindin hawan, wani a sama daf da inda ƙyauren ke rufuwa, wani wurin ma har da baƙin ɗigon mai. Cikin motoci ne ya bar shi. Safe da yamma salansa ko bamba na gogar wurin, mai gida ya ji ƙarar har cikin haƙoransa, ya ce gobe zai kira magini, goben kuwa ba ta zuwa sai ranar da bakanike ya faɗa masa kuɗin gyara.

Shango na kan hanyar da ta fita daga tsakiyar Minna ta bi ta Chanchaga da Paiko ta nufi Suleja, a yankin da Kwalejin Ilimi ta Jihar Neja take. Ƙasar Minna ba shimfiɗaɗɗiya ba ce irin ta Kano. Tudu ne da gangare, dutse kuma ba ya da nisa da sama a wurare da yawa. Damina na kamawa daga wajen Afrilu har Oktoba, ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 1,000, mafi ƙarfinsa kuma a Agusta da Satumba. Wanda ya taɓa kwana yana kwarfe ruwa daga ɗakinsa da bokiti, in ya tashi nasa ginin ba mai hana shi ɗaga fandisho. Ni ban ga laifinsa ba, ɗaga gida a irin wannan ƙasa hankali ne. Abin da ake mantawa shi ne, duk ɗagawar da aka yi wa gida akwai filin da take ci, kuma in mai gida bai ba da filin daga cikin fulotinsa ba, to ko motarsa ta biya, ko titin jama'a ya biya.

Lissafin kansa bai fi ƙarfin ɗan aji shida na firamare ba. Abu biyu ake aunawa. Na farko tashi, wato ratar da ke tsakanin bakin titi da daɓen tsakar gida in an auna a tsaye. Na biyu nisa, wato filin da aka ware wa hawan in an auna a kwance. A raba tashi da nisa, a ninka da 100, abin da ya fito shi ne tsananin hawan. Gidan da ya ɗara titi da santimita 60, kusan ƙafa biyu ke nan, aka ba hawansa mita 2, to 60 a raba da 200 ya ba da kashi 30 cikin 100. Da mita 4 aka ba shi da ya sauko kashi 15, da mita 6 ce da ya zama kashi 10. Injiniyoyi kan kuma faɗe shi ta wata siga, su ce 1 cikin 8 ko 1 cikin 10, ma'ana duk taku takwas ko goma da aka yi gaba an hau taku ɗaya. 1 cikin 10 shi ne kashi 10, 1 cikin 8 kashi 12 da rabi, 1 cikin 4 kuma kashi 25.

Maginanmu da ƙafa da inci suka saba aiki, kuma a nan ma abin ya fi sauƙi. Inci ɗaya a kowace ƙafa shi ne 1 cikin 12. Inci ɗaya da rabi a ƙafa 1 cikin 8. Inci biyu a ƙafa 1 cikin 6, wajen kashi 17. Magini mai tef a aljihu ba ya buƙatar kowace na'ura kafin ya riƙe wannan.

Auna tashin ne ke son kula, domin ido maƙaryaci ne a kan gangare. Kayan aikin kuwa yana hannun kowane birkila: siririn tiyon nan mai nuna ciki da ake cika wa ruwa a ɗauki lebur. A kafa sanda a bakin titi, a riƙe baki ɗaya na tiyon a jikinta, ɗaya bakin a jikin ginshiƙin get, a bari ruwan ya natsa, a yi alama a wuraren biyu. Daga kowace alama a auna zuwa ƙasa, a cire ƙaramin awo daga babba, abin da ya rage shi ne tashi. Aikin minti goma ne. Wasu kan damu ko nisan a kwance za a auna shi ko a bi jikin gangaren. A irin hawan da muke magana bambancin ba ya da yawa: hawa mai kashi 15 da ya ci mita 4 a kwance, jikinsa bai fi hakan da santimita 5 ba.

Akwai tarko ɗaya da wayar hannu ta kawo. Manhajojin auna lebur da ke cikin waya da digiri suke magana, digiri kuwa daban, kashi cikin 100 daban. Kashi 10 bai kai digiri 6 ba. Kashi 15 digiri 8 da rabi ne. Amma digiri 15 ya kusa kashi 27. Wanda aka ce masa ya yi "sha biyar" ya ɗora waya a kan katako har ta nuna 15, ya gina hawan da ya kusa ninka abin da aka nufa. Digiri 45 ma, da wasu ke ɗauka rabi ne, shi ne kashi 100 cif.

To nawa ne ya yi yawa? Yawancin mutane a nan suke kuskuren tunani, domin suna auna hawa da ƙarfin inji. Su ce motata na hawa dutse, wannan ɗan tudun ne zai gagare ta? Ba ƙarfin inji ne matsalar ba. Ƙaramar mota a giya ɗaya za ta hau kashi 25 ba tare da kuka ba. Matsalar tana wurare biyu da gangaren ke karyewa, gindinsa da ƙolinsa, domin mota ba ta lanƙwasa.

Ɗauki gindi tukuna. Tayar gaba na kan titi, amma hancin motar ya riga ta yin gaba da kusan santimita 90. In hawan kashi 25 ne, a wannan tazarar kankare ya riga ya tashi santimita 22 da ɗoriya, ƙasan bambar yawancin ƙananan motoci kuwa bai kai haka nesa da ƙasa ba. Dole ya ci karo. A fitowa ya fi muni, saboda direba na taka birki hancin na ƙara nutsewa. Sannan titin kansa ba lebur yake ba, ana gina shi ne ya karkata zuwa kwata da kashi 2 ko 3 don ruwa ya zurare. Motar da ta juyo za ta shiga gida tana ɗan gangarowa ne kafin ta fara hawa, saboda haka karkatar titi da tsananin hawa haɗuwa suke yi. Hawa mai kashi 15 a gefen titi mai kashi 3, abin da bamba ke gani 18 ne.

Ƙoli ya fi ɓarna, don a can cikin mota ke zama a kan kankare, inda salansa da bututun mai da kaskon man inji suke. Lissafinsa ma yana da daɗi. Lokacin da tayoyin gaba suka hau daɓen gida, na baya suna kan gangare, bakin karyewar na tsakiyar cikin motar. A auna ratar cikin mota da ƙasa, a ninka sau huɗu, a raba da tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya. Abin da ya fito shi ne iyakar karyewar da motar za ta haye ba ta goga ba. Irin su Corolla da Camry da suka cika titunan Minna, tazarar tayoyinsu na tsakanin mita 2.6 da 2.8, cikinsu kuma na nesa da ƙasa da wajen santimita 14 in ba kowa a ciki. 14 sau huɗu 56, a raba da 270, ya kusa kashi 21. Sai dai ba a sayen mota don ta yi yawo ba kowa. A zuba iyali biyar, a sa buhun shinkafa a but, ga shok ya tsufa kamar yadda yake a yawancin motocin Kwatano, ratar ta dawo santimita 10. 10 sau huɗu 40, a raba da 270, bai kai kashi 15 ba. In get ɗin mai ja ne, ƙarfen da yake gudu a kai ya ƙara cin santimita biyu ko uku daidai wurin da ba a son ƙari. Ga dalilin da ya sa mota kan shiga lafiya da safe, ta kama ƙasa ranar da aka ɗauko baƙi daga tasha, har a ce wa na baya su sauka.

Mai Hilux ko babbar jif, wadda cikinta ya haura santimita 20 daga ƙasa, ba zai taɓa sanin akwai matsala ba. Amma gida ya fi mota daɗewa. Motar matarsa, ta ɗansa, ta wanda zai karɓi haya ko ya saya nan da shekara goma, duk ta wannan ƙofa za su bi. Kuma duk gidan da ka ga direba sai ya karkace ya shiga a kaikaice, taya ɗaya bayan ɗaya, to ya riga ya ba ka labarin hawan. Dabarar tana aiki don tana rage karyewar da motar ke ji, amma tana cin faɗin titi, tana kuma murɗa jikin mota kullum.

Saboda haka ni a nawa ganin, hawan da za a zuba shi miƙe ba tare da wata dabara ba, kada ya wuce 1 cikin 8. In an samu 1 cikin 10 ya fi. Wannan ba son raina ba ne kawai. Ƙa'idar wuraren ajiye motoci da Ostareliya da Niyu Zilan suka fitar a 2004 ta yarda hanyar shiga gidan zama ta kai 1 cikin 4, amma ta ce duk inda karyewa ta wuce kashi 12 da rabi a ƙoli, ko kashi 15 a gindi, sai an sa wani ɗan sassauci mai tsawon mita 2 a tsakani. Lissafinsu da namu na cikin Corolla mai ɗauke da kaya wuri ɗaya suka faɗa. Don a ga yadda muka yi nisa, titin Baldwin da ke birnin Dunedin na Niyu Zilan, wanda kundin Guinness ya ba kambun titi mafi tsananin hawa a duniya, bai kai kashi 35 cikakke ba. Hawan get mai tashin santimita 60 da aka matse a mita ɗaya da rabi kashi 40 ne, kuma irinsa ba sai an yi dogon nema ba a unguwanninmu.

Yanzu ga lissafin da nake so kowane mai shirin gini ya rubuta a bangon zuciyarsa. Bulo mai inci tara tare da simintin da ke ƙarƙashinsa yana tashi kusan santimita 25. A kan 1 cikin 8, santimita 25 na buƙatar mita 2. Ma'ana duk layin bulo ɗaya da aka ƙara don a ɗaga harabar gida sama da titi, an ci mita 2 na fili. Layi biyu mita 4, layi uku mita 6. Fulotin da aka saba yankawa, ƙafa 50 a 100, tsawonsa mita 30 ne da 'yan kai. Mutum ya ce wa magini ya ƙara layi uku "don a huta da ruwa", bai san ya sayar da kashi ɗaya cikin biyar na tsawon fulotinsa a layin da mota za ta bi ba. Ba ranar zuba kankare ake yanke tsananin hawa ba, an riga an yanke shi tun ranar da aka ɗaure igiyar fandisho aka kuma zaɓi inda get zai tsaya.

Na ga wannan da idona a gidan wani ɗan'uwana a can cikin Shango. Ya kira ni in ga yadda sabon hawansa ke cin motarsa. Muka ɗauki tiyo da tef, muka samu tashi santimita 70, nisa mita biyu da rabi, kashi 28 ke nan, kuma kusan rabin hawan a kan kwata da gefen layi yake kwance. Ya aika aka kira maginin, ransa a ɓace. Dattijon ya saurara har ya gama, sannan ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Kai ka ce a ɗaga gida saboda ruwa, kai kuma ka ce kada a taɓa tsakar gida. Tsakanin nan da nan aka ba ni, ni kuma na cika." Ba wanda ya iya ba shi amsa, domin gaskiya ya faɗa. Ƙarshenta sai da aka ɗaye intalok na mita uku da wani abu a ciki, aka sauke bakin get, aka ƙara wa ƙyauren tsawo ta ƙasa, aka sake zubi. Kuɗin da aka kashe sau biyu, da an yi awon minti goma tun farko da sau ɗaya za a kashe.

Tsoron da ke hana mutane shigar da hawan cikin gida shi ne wai in aka sauke bakin get ruwa zai shigo. Ruwa ba ya hawa sama da leburinsa. In ruwan layi ya tashi santimita 20, zai shigo ne har inda hawan ya kai santimita 20 ya tsaya, ruwan na janyewa ya bi shi. Daɓen harabar da na ɗakuna suna nan a inda suke. Abin da ake buƙata shi ne ɗan bango a gefe da gefen hawan ya riƙe cikon. Wata dabarar ita ce a raba ɗagawar biyu: haraba ta ɗara titi da layi ɗaya kawai, ɗakuna su ɗara harabar da matakala biyu ko uku. Mutum ne ke shiga ɗaki, ba mota ba, ba dole sai an kai gareji leburin falo ba.

In wuri ya ƙure da gaske, kamar gidajen da ke gefen tudu inda tashi kan kai mita ɗaya da santimita 20, sai a koma ga sassaucin nan. Miƙaƙƙen hawa na 1 cikin 8 zai ci mita 9 da santimita 60. Amma in aka yi mita 2 na farko a kan kashi 10, mita 2 na ƙarshe ma haka, sun ɗauke santimita 40. Sauran 80 a hau su a kan kashi 20 cikin mita 4 na tsakiya. Jimla mita 8, kuma babu inda karyewa ta wuce kashi 10. In an matsa har tsakiyar ta kai kashi 25, gefe biyun kuma 12 da rabi, aikin zai shiga cikin mita 7. Ƙasa da haka kuma gara a canja wa get wuri, a nemi kusurwar fulotin da ta fi kusa da leburin layi, domin a ƙasa mai gangare da wuya kusurwoyin biyu su zo daidai.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan batu shi ne hanyar da mafi yawanmu ke bi in lissafi ya ƙi, wato a miƙa hawan waje. A cike kwata da kankare, ko a jefa ɗan ƙaramin bututu a ciki a binne, a ja harshen siminti har kan layi. Kowa ya yi nasa, sai layin ya zama kamar haƙoran zarto. Mai babur da dare ya hau gefen harshen ya zame. Motoci biyu ba sa iya giftawa. Ruwa kuma ba ya ɓacewa don an toshe masa hanya. Fuloti ɗaya mai ƙafa 50 a 100 ya kai murabba'in mita 460. In aka rufe shi da kwano da kankare, aka yi ruwan milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a Agusta, lita 23,000 zai zubo waje, fiye da duro 110. Gida ɗaya ke nan. A tara gidaje ashirin a layi mai gangare, a ce duk ruwan ya bi ta bututun inci shida da wani ya binne a ƙofarsa. Zai fito kan hanya ya zaizaye ta, ya faɗa gidan da ya fi kowa ƙasa, wanda galibi na talakan da ya riga kowa zuwa unguwar ne. Shi ma da ya samu hali sai ya yi ciko ya ɗaga, a sake tura ruwan gaba.

Wannan rigima ta girme mu. A Tunis a ƙarni na 14 an yi wani babban magini, Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rikicin gini tsakanin maƙwabta, ya kuma tara hukunce-hukuncen malaman Malikiyya a littafinsa al-I'lan bi Ahkam al-Bunyan. Fiƙihun ya yarda mai gida ya amfana da ɗan filin da ke jikin bangonsa, abin da mu muka sani a dakalin ƙofar gida, amma da sharaɗin kada ya ƙuntata hanya ko ya cutar da mai wucewa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya ji cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani. Ina mamakin yadda mutum zai tsaya ya ɗauke ƙaya daga hanya don neman lada, sannan ya zuba tan biyu na kankare a magudanar unguwa bai ji komai ba. Dokar zamani ma ba ta ce wani abu daban ba. Dokar tsara birane ta ƙasa mai lamba 88 ta 1992 ta wajabta neman izini kafin gini, a Minna kuma Hukumar Raya Birane ta Jihar Neja ce ke duba zanen. Kwata da gefen hanya ba sa cikin takardar filin kowa.

Abin da ya halatta a kan kwata shi ne murfi, ba ciko ba. Silaf mai rodi, kaurin wajen santimita 15, ya zauna a kan bangon kwatar biyu, ya bar cikinta yadda yake faɗi da zurfi, a kuma yi shi gunduwa-gunduwa yadda za a iya ɗagawa a kwashe yashi da leda kafin damina. Daga bakin murfin ta ciki hawan ke farawa.

Akwai kuma waɗanda tasu matsalar a juye take. Tun 2023 gwamnatin Muhammad Umaru Bago ta buɗe ayyukan tituna da yawa a Minna, kuma duk inda aka sake gina titi ana zuba masa marmara da tsakuwa kafin kwalta, sai ya tashi sama da yadda yake. Gidan da jiya yake daidai da hanya, yau gangarawa ake yi a shiga. Lissafin ɗaya ne, sai dai ƙolin da ke cin cikin mota ya dawo bakin titi, ga kuma ruwa da ke neman bin gangaren. Maganin shi ne ɗan tudu mai laushi a bakin shiga wanda zai mayar da ruwan titi cikin kwata, da wata siririyar magudana mai murfin ƙarfe a gindin gangaren wadda ke da mafita ta gaskiya. A tuna tudun ma karyewa ce: hawansa da gangarar da ke bayansa haɗa su ake yi a lissafi. Wanda kuma zai yi gini a layin da ba a riga an zuba wa kwalta ba, ya sa a ransa layin zai tashi wata rana, ya duba leburin kwalbati ko titin kwalta mafi kusa kafin ya yanke nasa.

Ba mota kaɗai ke bin get ba, kuma wannan ne muke saurin mantawa. Ɗan garuwa mai kura da jarka goma ta lita 25 yana tura kilo 250 na ruwa, da nauyin kurar a ce 300. A kan kashi 10, ƙarfin da gangaren ke mayar masa daidai yake da kilo 30. A kan kashi 20 ya kusa 60, kuma in ƙafarsa ta zame kurar kansa za ta dawo. Akwai kuma tsohuwa mai ciwon gwiwa, mace mai juna biyu, yaro a kan keke, marar lafiyar da aka dawo da shi daga asibiti. Ga keken guragu ƙa'idar da Amurka ke bi, ƙasashe da yawa kuma suka ɗauka, 1 cikin 12 ce, wato tashin santimita 60 na son mita 7 da santimita 20. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya cika. Masu shaguna da kemis da makarantu da masallatai a bakin babbar hanyar Shango su sani cewa ɗan gangaren siminti da aka manna a gefen matakala ba ya zama hanyar keken guragu sai lissafinsa ya fito. Haɗarin da ya fi duka kuwa shi ne na yara. Hawa mai tsanani na tilasta direba ya taka mai da ƙarfi, hancin mota na kallon sama, ba ya ganin abin da ke tsakar gida sai ya riga ya faɗo.  A gidan da yara ke gudu su tari babansu in sun ji hon, wannan kaɗai ya isa dalili.

Sauran bayanan gajeru ne. Faɗin ya kai mita 3, bakinsa ya ɗan buɗe ta wajen layi. A daddale cikon sosai kafin zubi, in ba haka ba damina ɗaya zai zauna ya tsage. Kada a goge fuskar kankaren ta yi sulɓi, a ja mata tsintsiya tun tana ɗanya ko a yi mata tsaga-tsaga a gicciye, domin gansakuka na kama wurin da ke shan inuwa. Tayil mai santsi ba shi da wuri a kan hawa komai kyansa. A yi ta ba shi ruwa mako guda, kada mota ta hau kafin nan, ƙarfinsa kuma sai ya yi wajen kwana 28 yake cika. Ƙyauren da ke buɗewa ciki zai ci karo da hawan da ke cikin gida, saboda haka a yi shawarar irin get ɗin tare da hawan, ba bayan mai walda ya gama aiki ba.

Kirana ga hukumar da ke duba zanen gini a Minna shi ne ta riƙa neman lambobi uku a jikin kowane zane: leburin bakin titi, leburin haraba, da nisan hawan da ke cikin iyakar fuloti. Ɗaliban gini da na safiyo a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna za su iya koya wa ƙungiyoyin magina wannan a zama ɗaya. Kai kuma mai shirin gini a Shango ko a wata unguwa, ranar da magini ya tambaye ka layi nawa za a ɗaga, kada ka amsa daga inda kake tsaye. Ka karɓi tef, ka auna mita biyu ga kowane layi daga bakin kwata zuwa cikin fulotinka, ka kafa sanda a wurin, ka duba ko ka yarda da abin da ya rage, sannan ka ba shi amsa.